Adis Ababa: Birnin Da Jirgin Sama Ke Tashi Da Lissafi

Duk wanda Allah Ya nufa da zuwa Adis Ababa, babban birnin ƙasar Habasha, abin da zai fara yi masa maraba shi ne haki. Ko matakala goma ya hau da jaka a hannu, sai ya ji numfashinsa yana sama-sama kamar wanda ya yi tsere. Dalili kuwa shi ne birnin a kan tudu yake. Filin jirgin samansa, wanda ake kira Bole, yana bisa tsayin mita 2,300 da 'yan kai daga doron teku, watau ya kusa ninka tudun Jos sau biyu, kuma kaɗan ya rage ya kamo ƙololuwar Chappal Waddi ta Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya.

Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taitu su suka kafa birnin a shekarar 1886, bayan sun sauko daga Dutsen Entoto, wanda ya haura mita 3,000, yana kuma tsaye a arewacin gari har gobe, lulluɓe da itatuwan turare. In ka hau shi da asuba za ka tarar da samari da 'yan mata suna ta gudu cikin sanyi, gama a irin wannan tudu ne 'yan tseren Habasha ke horar da jikinsu tun zamanin Abebe Bikila, wanda ya ci tseren dogon zango a Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa. Iskar tudu takan ƙara wa ɗan tsere juriya. Amma ita ɗin dai ce ke rage wa jirgin sama ƙarfi, kuma a Bole ake ganin haka ƙuru-ƙuru.

Bari mu kwatanta iska da kunu. A bakin teku, kamar a Ikko, tana da kauri. Gwargwadon yadda mutum ya yi sama, gwargwadon yadda take tsinkewa. A tsayin Bole ta rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na kaurinta, in kuma rana ta take zafi ya ƙara buɗa ta, asarar takan kai kashi ɗaya cikin huɗu. Jirgi kuwa da iska yake rayuwa ta fuska biyu. Fukafukansa a kanta suke dogara su ɗaga shi, injunansa kuma ita suke zuƙa su cakuɗa da mai su feso ta baya. Saboda haka a Bole fiffike yana neman ƙarin gudu kafin ya ɗauki nauyin da ya saba ɗauka, alhali injin da zai ba da gudun ya ragu da ƙarfi. Jirgin da zai ɗaga a Ikko yana gudun kilomita 300 a sa'a, a nan da rana sai ya doshi 345. Tayoyi kuma suna da iyakar gudun da za su jure, wanda ga manyan jirage da yawa bai wuce kilomita 378 a sa'a ba.

To, sai a dubi nauyin da ake magana a kai. Jirgi samfurin Boeing 777-300ER, in an cika shi maƙil da mutane da kaya da mai, yakan kai tan 351, watau ya fi lodin tirelar siminti goma sha ɗaya. Titin tashi mafi tsawo a Bole mita 3,800 ne, kusan kilomita huɗu, amma duk da haka irin wannan jirgi ba ya tashi daga nan da cikakken nauyinsa.

Abin da mafi yawan fasinjoji ba su sani ba shi ne, tun kafin a rufe ƙofa an riga an yi lissafin tashin kamar inji ɗaya zai mutu a daidai lokacin da ya fi muni. Matuƙa sukan fitar da gudu iri uku. Na farko shi ne gudun yanke shawara: kafin a kai shi, in wani abu ya faru, ana iya taka birki a tsaya cikin titi, in an wuce shi, babu sauran tsayawa, tashi ya zama dole. Na biyu shi ne gudun da ake ɗaga hancin jirgi. Na uku shi ne gudun da jirgi zai riƙe yana hawa lami lafiya ko da inji ɗaya ne ke aiki. Ƙa'ida ta ce jirgin da ya rasa inji ya tsallake ƙarshen titi da tsayin ƙafa 35, sa'an nan mai inji biyu ya ci gaba da hawan aƙalla mita 24 a cikin kowace mita 1,000 da ya yi gaba, mai inji huɗu kuwa mita 30. Bayan wannan ga duwatsun da suka kewaye Adis Ababa, su ma sai an tabbata za a haye su ko a kauce musu. In lissafi bai fita ba, magani ɗaya ne: a rage nauyi. Ko mutane, ko kaya, ko mai, ɗaya sai ya sauka. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Wannan ne ya sa shekara da shekaru jiragen kamfanin Ethiopian Airlines masu zuwa Washington, tafiyar da ta haura kilomita 11,000, suke tashi ba tare da cika tanki ba, su ya da zango a hanya su sha mai, a wasu shekarun a Rum, a wasu a Dablin ta ƙasar Ayalan. A dawowa kuwa kai tsaye suke zuwa, domin can filin yana kusa da doron teku, ana iya cika tanki, kafin su iso gida kuma man ya ƙone, jirgi ya yi sakayau.

Mai son ganin Bole a kan ganiyarsa ya jira dare. Daga bayan lisha zauren jira yakan cika ya batse. Ga 'yan kasuwarmu na Kano da Ikko masu zuwa Sin, ga masu Umra, ga ɗalibai, ga ƙamshin gahawa ya game ko'ina. A ɓangaren kaya kuma ana ta loda kwalayen furanni da za su wayi gari a kasuwannin Turai. Manyan jirage masu nisan zango galibi a wannan lokaci suke tashi, ɗaya bayan ɗaya, kuma sanyin dare yana taimakonsu, don yana mayar wa iska da wani abu na kaurinta. In kana ciki za ka ji jirgi ya daɗe yana gudu a ƙasa, har ka fara tunanin ko mota ka shiga, fitilun gefen titi suna ta wucewa, sa'an nan ya ɗaga a hankali kamar raƙumin da aka labta wa kaya. Ko a sama ma ba ya hayewa ƙololuwa gaba ɗaya. Yakan tsaya a wani mataki sai ya ƙona tan-tan na mai, sa'an nan ya ƙara hawa, daki-daki.

Habashawa sun daɗe suna fama da wannan tudu. Kamfaninsu ya fara jigila a watan Afrilu na 1946 da tafiya zuwa Alƙahira. Da ya sayi jiragen jet na farko, samfurin Boeing 720B, sai aka ga tsohon filin Lideta ya yi musu kaɗan, aka gina Bole a farkon shekarun 1960. Yanzu kuma shi Bolen ya cika, har a 2024 kamfanin ya sa hannu a kan yarjejeniyar tsara wani ƙaton fili kusa da garin Bishoftu, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin. Wurin ya fi Bole gangarowa da wajen mita 400, kuma ga jirgin da ke auna nauyinsa da kilo, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in wata rana tafiya ta bi da kai ta wani fili mai tudu ko mai tsananin zafi, aka ce an jinkirta tashi sai rana ta yi sanyi, ko aka ce wasu kaya sai jirgi na gaba, ka yi haƙuri kafin ka ɗaga murya. Mai yiwuwa wani ne ya zauna da alƙaluma ya ga cewa nauyin ya zarce abin da inji ɗaya zai iya haurawa da shi, kuma ranka yana cikin abin da ya lissafa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.