Idan lambar mita tana rawa: zare kan koyil, batir da shishar aljihu

1/
Shishar aljihu, wato sigarin lantarki, ta iso Kankiya da Kusada, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda samari suka fara kwance ta suna sake naɗa koyil da kansu, lambar mita tana hawa tana sauka, su kuma suna ci gaba da zuƙa. Ku ɗan ba ni hankalinku. 🧵

2/
Ni ba na sha, ba na kuma sayarwa. Fizis nake karantawa, aji uku. Idan an yi hutu ina zama a shagon cajin yayana a Kankiya, ina gyara hita, tocila, caja da makamantansu. Tun da aka ji ina da mita, duk abin da ke da waya a jiki sai a ce a kai wa "Injiniya".

3/
Bari mu fara da abin da ke ciki. Abu uku ne kawai: batir, 'yar waya da aka naɗe kamar sifirin, wato koyil, sai auduga da ta jiƙe da ruwan. Wuta ta bi wayar, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi. Wani mai haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, shi ya fito da irin na zamani a 2003.

4/
Kowace waya tana ɗan hana wuta wucewa. Wannan hanawar ita nake kira turjiya, ana kuma auna ta da om. Sunan ya samo asali daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idar a 1827. Ƙa'idar ba wuya: raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amf ɗin da batir zai zubo.

5/
Batirin litiyam idan ya cika bolt 4.2 ne. Ga lissafin:
om 1.0 = amf 4.2
om 0.5 = amf 8.4
om 0.2 = amf 21
om 0.1 = amf 42
Ka duba da kyau. Daga 0.5 zuwa 0.1 kamar ba komai ba ne a ido, amma nauyin da ke kan batir ya ninka sau biyar.

6/
Batir 18650 mai kyau, wanda aka yi don jan wuta da ƙarfi, iyakarsa amf 20 zuwa 30. Waɗanda ake ɓallowa daga tsohon batirin laftof kuwa, yawancinsu ba su kai 10 ba. Su ne fa a hannun yawancin yaranmu, don su ne masu araha. Shi ya sa rawar lamba ba abin wasa ba ce.

7/
Wani abokina da muka yi sakandare tare ya sayo tasa a Kano, irin wadda ake kwancewa a sa mata sabon koyil. Ya kawo min ya ce, "Injiniya, duba min, aljanu ne a ciki. Yanzu 0.4, an jima 0.8, sai kuma ta ƙi kamawa." Na ce masa, malam, zauna mu bi ta ɗaya bayan ɗaya.

8/
Matakin farko: tuhumi mitar kafin ka tuhumi koyil. Haɗa bakin wayoyinta biyu ka ga abin da za ta nuna. Mitocin kasuwa sukan ba da 0.2 zuwa 0.5 alhali ba ka auna komai ba. Wannan turjiyar wayoyin mitar ce, sai ka cire ta daga lissafi. Idan batirin mitar ya yi sanyi ma, ƙarya za ta yi ta zuba maka.

9/
Na biyu: auna da sanyi. Akwai wayar da turjiyarta ke ƙaruwa idan ta yi zafi. Kanthal kusan ba ta motsi, nikurom kaɗan take yi. Amma ƙarfen SS316L, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 200, 0.5 takan koma kusan 0.6, ta kuma dawo idan ya huce. Wannan halinsa ne, ba lalacewa ba.

10/
Na uku, kuma shi ne wanda nake so ku riƙe: duba ina lambar ta nufa. Idan sama take tsalle, akwai wurin da haɗi ya saki, ko ya yi datti, ko wayar ta kusa tsinkewa. Idan ƙasa take faɗuwa, wuta ta samu gajeriyar hanya, wato shot. Na sama yana ɓata aiki. Na ƙasa shi ke ƙona mutum.

11/
Ta abokin nawa koyil biyu gare ta a jere, kowanne 0.8. Biyu suna aiki tare, mita ta nuna 0.4. Ɗaya ya saki, ta koma 0.8. Da na ga lambar tana ninkawa daidai wa daida, na san ba sai na yi dogon bincike ba. Na taɓa sukurun da ke riƙe ƙafar koyil na hagu, ya juya da kansa.

12/
Dalilin a fili yake. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, sau ɗaruruwa a wuni. Ga kuma abin yana aljihu ana jijjiga shi a kan babur daga Kankiya zuwa Kusada a dawo. Dole sukuru ya saki. Amma kar a ce don haka a murɗe shi da ƙarfin tsiya, yakan yanke ƙafar wayar ta rage saura gashi ɗaya.

13/
Bayan sukuru sai gindin, inda kan yake ɗaurewa da jikin batir. Ana kiran wannan zaren 510. Ruwa yana tsiyaya can, ƙurar hunturu ta same shi su zama laka. Cire batir, goge da auduga da ɗan sifirit, bar shi ya bushe. Sau da yawa nan kaɗai matsalar take.

14/
Sai gwajin murfi. Auna a buɗe, sannan ka rufe ka sake aunawa. Idan lambar ta faɗi da zarar an sa murfi, koyil yana taɓa bango. Haka idan 'yar robar da ke raba bangaren wuta da jikin ƙarfe ta narke ko ta tsage. Wannan ba ta gyaruwa da salatif, sai dai a canza ko a haƙura.

15/
Duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Shi ne dai matsalar hita a ɗakin ɗalibai, inda gindin waya ke yin baƙi. Shi ne kan batirin sola da ya yi farin gari. Shi ne soket ɗin da ke wari idan KEDCO sun kawo wuta. A abin da na gani a shago, waya ba ta cika mutuwa a tsakiya ba, a mahaɗa take mutuwa.

16/
Wanda ya sa ni rubuta zaren nan wani yaro ne a Kusada, lokacin da na je gaida kakata. Bai fi shekara 16 ba. Ya biyo ni bayan sallar la'asar ya ce, "Yaya, don Allah a ɗan duba min, zafi take yi a aljihu." Irin sha-ka-yar ɗin nan ce, wadda ba a yi ta don a buɗe ba.

17/
Sun fasa ta, sun cire ɗan allon da ke yanke wuta idan an samu shot, wai ya daina aiki. Koyil ɗin da ya ƙone kuma sun maye shi da wayar tagulla daga tsohuwar fanka. Na ɗora mita. Abin da ta nuna shi ne abin da take nunawa idan na haɗa bakin wayoyinta. Wato turjiyar kusan sifili ce.

18/
Tagulla an yi ta ne don wuta ta wuce ba tare da zafi ba. Ka sa ta a matsayin koyil, batirin ne zai zama hita. Ga fentin da ke jikin wayar fanka, wanda zai ƙone ya shiga huhu. Batirin ya riga ya kumbura kamar ƙosai. Wannan yake sawa a baki, ya kuma kwana da shi ƙarƙashin filo.

19/
Ban mayar masa ba. Ya ji haushi, ya ce kuɗinsa ya sa. Na ce, ƙanena, zan ba ka kuɗinka, amma wannan ba za ta koma aljihunka ba. Na cire batirin na rufe bakinsa da salatif, na sa a gwangwani mai yashi nesa da ɗaki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wanda ya koya musu fasawa bai koya musu lissafi ba.

20/
Kar wani ya ce tsoratarwa ce. A watan Mayun 2018 irin wannan na'urar ta fashe ta kashe wani mutum a jihar Florida ta Amurka. A 2019 aka sake yi a Texas. Can fa ke nan, inda ake sayen kaya sabo a kwali. Mu nan ga tsohon batir, ga cajar da ba a san asalinta ba, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

21/
Ko da lambar ta tsaya cak, ba ta ce abin yana da lafiya ba. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins a 2018 ya gano dalma, nikel da kuromiyam a cikin tururin. Ga nikotin, wanda ke kama ƙwaƙwalwar yaro da wuri. Ingila ta hana sayar da sha-ka-yar tun 1 ga Yunin 2025.

22/
Mu ma muna da dokar taba ta 2015 da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Masu shaguna, ku ji tsoron Allah. Wanda ke miƙo maka kuɗin nan da rigar makaranta ƙanen wani ne. 'Yan'uwana masu gyaran waya, idan an kawo muku a sa wa sha-ka-yar bakin caji, ku ce a'a.

23/
Ga wanda ya riga ya girma kuma ya ƙi bari, aƙalla:
• kar ka danna idan lamba tana rawa
• kar ka sa wayar hita, ta fanka ko ta shinge
• batirin da rigarsa ta yage ko ya kumbura, rabu da shi
• kar ka haɗa batir da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu ɗaya
• kar ka bar shi a caji ka yi barci

24/
Abokin nawa na ɗaure masa sukurunsa, na kuma faɗa masa gaskiya cewa na fi son ya bari gaba ɗaya. Har yanzu muna kan maganar. Idan kana da ƙane, leƙa jakarsa yau. In ka ga abu kamar alƙalami ko filas mai ƙamshin alewa, zauna da shi ku yi magana, ba duka ba. A tura wa wanda zai amfana. Allah ya tsare mana su.