Makawu: Mu Je Ko Mu Haƙura?

Duk lokacin da baje kolin Kanton ya matso, wato watan Afrilu ko Oktoba, hirar bayan la'asar a ƙofar masallacinmu na nan Agege takan koma ta Guanzo. A bana kuwa samarinmu masu sarin takalma da kayan waya sun zo da wata sabuwa: wai in mun gama lodi, mu ware kwana ɗaya mu leƙa Makawu, mu ma mu ba ido haƙƙinsa. Dattawa suka ce atafau, garin 'yan caca ne. Mu da muke bin hanyar nan shekara da shekaru, kuma mukan ja salla in Liman ba ya nan, aka ce mu faɗi abin da muka gani.

Dattawa ba su yi ƙarya ba. A duk ƙasar Sin, Makawu ne kaɗai inda doka ta yarda da manyan gidajen caca, kuma tun 2006 kuɗin da ake zubarwa can ya wuce na babban titin caca na Las Begas ta Amurka. Mafi yawan kuɗin shigar gwamnatinsu daga nan yake fitowa. Hukuncin caca kuwa kowa ya sani, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya.

Su ma samarin suna da hujja. Garin ya girmi gidajen cacarsa nesa ba kusa ba. Turawan Fotugal sun zauna can tun wajen 1557, sai ranar 20 ga Disamba 1999 suka miƙa shi ga Sin. Akwai tsohuwar unguwa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005, inda bangon gaban wata majami'a ke tsaye shi kaɗai tun gobarar 1835. Akwai hasumiya mai tsawon mita 338, ga kuma gadar teku mai kilomita 55 da aka buɗe a 2018, ta haɗa Makawu da Juhai da Hon Kon. Har masallaci akwai, guda ɗaya, da maƙabartar Musulmi a jikinsa.

To sai muka ce za mu je, amma da sharuɗɗa, kuma tun daga Legas za a fara shirin. Mai fasfon Nijeriya ba a ba shi bizar Makawu a bakin iyaka, sai ya nema tun kafin ya tashi. Sannan tsallakawa daga Juhai zuwa Makawu fita ce daga babban yankin Sin. Wanda bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, in ya tsallaka ba zai iya komowa Guanzo ba, alhali kayansa da tikitinsa suna can. Kowa ya buɗe fasfonsa ya duba da idonsa, kada ya dogara da "ai eja ya ce".

Sharaɗi na biyu shi ne kuɗi, kuma shi ya fi damunmu. Abin da ke jakar ɗan kasuwarmu a Guanzo rabinsa ba nasa ba ne. Akwai na Hajiya mai adashi, da na marayun da aka ba shi ya juya, da na abokin shago. Saboda haka ba mai tsallakawa sai ya gama biyan masu kaya, an rufe kwantena, rasit yana hannu. Abin da zai riƙe kuɗin mota ne da na abinci, a canza su zuwa kuɗinsu, pataka. Katin banki ya kwana a masauki.

Hanyar ba ta da wuya. Jirgin ƙasa daga tashar kudancin Guanzo zuwa Juhai awa ɗaya ne da 'yan mintoci, ƙofar Gongbei kuma tana dab da tashar, da ƙafa ake ratsawa. Da ka fito za ka tarar da motoci a jere, masu sanyi, kyauta. Na gidajen caca ne, a ƙofarsu suke sauke mutum, ba don Allah suke ɗaukarsa ba. Mu motar haya ta gari za mu shiga mu biya. Haka nan a titin da ke hawa zuwa tsohon bangon nan, masu shaguna kan miƙo wa mai wucewa yankan nama kamar kilishi ya ɗanɗana. Yawancinsa alade ne. Mu ɗauki guzurinmu daga gidajen abincin Musulmi na unguwar Shawbei.

Za mu tafi a ayari, mu dawo a ayari. Mu yi azahar a masallacin, mu gai da 'yan'uwa na can, kafin magariba mun tsallako, domin da dare ne fitilun suke fara kiran mutum. Wanda kuma ya san a nan gida yakan tsaya a rumfar cacar ƙwallo, don Allah ya zauna a Guanzo, ya je ya ziyarci tsohon masallacin Huwaisheng. Ba za mu tambaye shi dalili ba.

Masu niyya su kawo sunayensu bayan sallar Juma'a, da fasfo a hannu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu da amanar mutane cif.