Birnin Ƙudus a makon da burodi ke ɓuya

Duk wadda ta shiga kasuwar Mahane Yehuda da ke yammacin Birnin Ƙudus, ƙamshin burodi ne ke fara tarbarta. Amma da zarar Idin Ƙetarewa ya kama, wato Fesak a bakin Yahudawa, sai ƙamshin ya ɗauke cak. Idin kan faɗo a Maris ko Afrilu, kwana 7 ake yi a Isra'ila, 8 a wasu ƙasashe.

Dokar idin ta shafi alkama da sha'ir da wasu danginsu uku. In garinsu ya haɗu da ruwa ya wuce minti 18 ba a gasa ba, ya zama abin da suke kira hamets: ba a ci, ba a sha, ba a ma ajiye shi a gida. Shi ya sa iyaye mata ke shafe makonni suna kakkaɓe aljihun yara da ƙarƙashin kujeru. A unguwar Meya She'arim, a bakin titi ake kafa manyan tukwanen tafasasshen ruwa, ana tsoma cokula da tukwane. Da safiyar jajibere a ƙone ragowar burodi. A kantuna kuwa, leda ake shimfiɗawa a rufe kayan da dokar ta hau.

Cikin abin da ake rufewa har da giya, domin da tsiron sha'ir ake yin ta. Ba maye ne ya jawo mata hanin ba, hatsin ne. Ruwan inabi ma kofi 4 suke sha a daren farko. Masu ƙananan masana'antu sai suka koma ga dabino da zuma da sukari. Su dafa, su zuba furen hops mai ɗaci, su sa yistin da ba a rena shi a kan hatsi ba, cikin kayan aikin da aka tsarkake, malaminsu na sa ido. Gero da masara da shinkafa ma ba su tsira ba a wajen Yahudawan da asalinsu Turai ne, don al'adarsu ta hana su a makon.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, wani ɓangaren ne ya fi jan hankalina. Masu cutar siliyak, waɗanda sinadarin gulutin na alkama ke lalata musu hanji, kan yi sayayya sosai a lokacin, saboda kek da biskit na garin dankali sun cika kasuwa. Sai dai a kula: matsa, busasshiyar gurasar idin, yawanci da alkama ake yin ta.

Uwar da ɗanta ke zawo da kumburin ciki duk lokacin da ya ci burodi ko taliya, ta kai shi asibiti a gwada tun kafin ta daina ba shi. In an riga an janye alkamar, gwajin na iya ɓoye cutar.