Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ni mutumin ƙasar Minjibir ne, inda gona take manne da gona, manomi bai isa ya bar wata ta huta ba, don kuwa ba shi da ta biyu. Shi ya sa da zarar an gama kaka, sai kawuna ya koma bakin rafin Jakara, kusa da madatsar ruwa ta Wasai, ya shiga noman rani, yana shuka latas da alayyahu da karas.

Ina yaro na ɗauka kowane rafi haka yake, baƙi wuluk, ga kumfa, ga ɗoyi. Sai da karatu ya kai ni Kano na ga mafarin abin. Ashe Jakara ita ke kwashe ƙazantar magudanan birni da ta mayankar dabbobi, sannan rafin Getsi ya ƙaro mata dagwalon masana'antun Bompai, har da na masu jimar fata. Wannan gauraye shi ne yake gangarowa gonakinmu.

Da na koma hutu na ce, "Kawu, ruwan nan fa guba ne." Ya dube ni yana sosa ƙafafunsa da suka tsattsage, ya ce, "Ɗan nan, ruwa ne da takinsa a ciki, kuma kyauta. Nuna mini wani rafin, gobe in tashi." Na rasa ta cewa.

Mai karatu, cutar ruwan nan iri biyu ce. Akwai ƙwayoyin taifot da kwalara da tsutsar ciki, waɗanda suke maƙalewa a ganyen da ake ci ɗanye. Su dai dafuwa tana kashe su. Sai kuma sinadarai irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam na jima, waɗanda suke shiga cikin ganyen kansa, wanki ba ya fid da su, wuta ba ta ƙone su. A hankali suke taruwa a jiki, kadmiyam ya lalata ƙoda, dalma ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari, ciki har da a daina ban ruwa 'yan kwanaki kafin a cire ganye, a shayar da saiwa ba ganye ba, manomi kuma ya sa dogon takalmin roba. Kawu ya yarda da takalmin, na sayo masa. Amma tace dagwalon masana'anta ya fi ƙarfin mai garma.

Bara da azumi uwargida ta ajiye mana kwaɗon latas, ta ce daga kasuwar 'Yankaba ta sayo. Na ga ɗana ya kai hannu, sai gabana ya faɗi, domin na san hanyar da ganyen nan yake bi. Abin da birni ya zubar wa ƙauye, shi ƙauye yake ɗaurowa a kwando ya maido wa birni. To, jama'a, wa za a hana, mai shuka ko mai zubarwa? Allah ya sa mu gane.