Muryar marigayi Shugaba a cikin tsohon kaset



A ƙarshen daminar da ta wuce, muna gyaran ɗakin ajiyar ƙungiya a Kubwa, muka ci karo da wani kwali a bayan kujerun taro. Cikinsa akwai tsohuwar rikoda ƙirar National da kaset-kaset na zaman ƙungiya, tun lokacin da iyayenmu suka biyo aiki zuwa Abuja bayan an dawo da babban birni daga Legas a Disambar 1991. Wasu sun yi fumfuna, wasu rubutun jikinsu ya goge. Ba za mu ɓoye muku ba, niyyarmu mu miƙa wa 'yan gwangwan.

Sai ɗan ɗaya daga cikinmu, matashi mai gyaran waya a kasuwar Wuse, ya ce, "Baba, don Allah ku bar mini." Muka bar masa, ko tambayarsa abin da zai yi da su ba mu yi ba.

A taron wata na gaba sai ga shi da rikodar. Ya canza mata robar da ke juya kaset, ya goge kanta da auduga, ya kuma zo da wata ta biyu. Ya danna ta farko. Shuuu ɗin nan da duk ɗan zamanin kaset ya sani ya fara tashi, sai ruwan sama a kan kwano, sai kiran 'yan kamasho a tashar Zuba. Ya danna ta biyu. Muryar marigayi shugabanmu na farko ce yana gaishe da mahalarta taro, ta ƙare ta dawo, ta ƙare ta dawo. Ashe yaron ya yanko guntun zaren, ya liƙa bakinsa biyu da salatif, ya mayar cikin gidan kaset yana ta zagaye. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, don haka gutsure mai tsawon santimita 30 yakan ba da magana ta kamar daƙiƙa shida.

Ranmu ya ɓaci ƙwarai. A iya saninmu, wannan ne kaɗai kaset ɗin da ke ɗauke da muryar marigayin, ga shi an sa masa almakashi. Ana cikin faɗa, ƙanin marigayin ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, sake kunna mini." Ya sunkuyar da kai yana saurare har aka kira la'asar. Da zai tashi ya ce mana, "Shi yanka ya yi. Ku fa zubarwa za ku yi." Babu wanda ya iya amsa masa.

Abin da yaron yake yi ba sabo ba ne. Tun a 1944 Halim El-Dabh, ɗan ƙasar Masar, ya ɗauki sautin bikin zar a Alƙahira da rikoda mai naɗa a kan waya, ya sarrafa shi ya zama wani abin saurare daban. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Mu ma da shi muka tashi: mun naɗe zare da biro, mun liƙa wanda ya tsinke da man farce, mun saurari Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos har murya ta soma rawa. A wancan lokacin, mazauna Makka kuwa kaset suke aiko wa iyayensu a maimakon wasiƙa. Mu muna jin shuuu ɗin a matsayin lalacewa, shi kuma yana jin shekarun da muryar ta yi tana jira.

Ga abin da kwamiti ya yanke. Kowane kaset za a fara kwafe shi zuwa kwamfuta kafin a taɓa shi. Na karatun Alƙur'ani da wa'azi ba za a yanka ba sam. Muryar mamaci kuma ba za a sa ta a intanet ba sai da yardar iyalansa. Bayan haka, yaron ya ci gaba da aikinsa, da albarkarmu.

Duk mai tsohon kaset a gida, na biki ne ko saƙon iyaye, ya raba shi da damshi, da zafin rana, da maganaɗisun sifika, ya kawo mana a taro mai zuwa. Za mu mayar masa da abinsa tare da kwafi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.

Sakataren ƙungiya