Gidan da Ya Zo a Kan Tayoyi

Da asuba Kawu ya bugo min waya: "Ɗana, shirya, yau za mu sayen gida." Na ɗauka unguwa-unguwa za a zagaya da mu. Ashe kasuwa za mu, inda ake jera gidaje a fili kamar motocin sayarwa.

Muka bar Dalas, muka hau babbar hanyar I-20 muka miƙa gabas. Kawu ya daɗe yana tuƙin tirela a Amurka, haya ta ishe shi, shi ne ya sayi eka biyar a karkarar Van Zandt, kusa da garin Kanton. Fili ne fetal, daga ciyawa sai itatuwa.

Gab da garin Taila muka ratse. Ga gidaje nan reras, kowanne a kan shasin ƙarfe, yadda ya fito daga masana'anta. Akwai mai ɓari ɗaya, dogo siriri kamar taragon jirgin ƙasa. Akwai mai ɓari biyu, wanda ake jan kowane rabi daban, sai an isa fili a haɗe su. Muka shiga irin na biyun: ɗaki uku, banɗaki biyu, kicin har da murhu da firji. Da raini na shiga, na fito bakina a mace.

Kawu kuwa ko kallon labule bai yi ba. Baya ya zagaya, yana neman wani ɗan jan ƙarfe da ake maƙalawa a bango. "In ba ka ga wannan ba, kada ka ba da ko sisi." Tambarin HUD ne, ma'aikatar gidaje ta tarayya. Tun ranar 15 ga Yuni, 1976 doka ta wajabta shi a jikin kowane ɓari, shaidar cewa an bi ƙa'ida wajen ƙira.

A ofishin dillali murna ta fara komawa ciki. Farashin da ke manne a taga na gidan ne kawai. Rijiyar burtsatse taka ce, jawo lantarki daga turken bakin titi naka ne, haka ma kwalbati da hanyar da babbar mota za ta bi. Sai sokawe, wanda ba a haƙa shi sai an gwada ƙasar an karɓi izinin hukuma. Ta Kawu yumɓu ce, ba ta shan ruwa, don haka sai mai inji, mai tsada. Dillalin bai ɓoye komai ba, amma fa sai abin da ka tambaya yake faɗa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne takarda. A dokar jihar Teksas irin wannan gida kayan ɗauka ne, sai mai shi ya cike takarda ya haɗa shi da filinsa. Bashin kayan ɗauka kuma ya fi kuɗin ruwa. Kawu dai ba ya ma'amala da ruwa, abin da ya tara ya ƙirga ya bayar.

Bayan wata biyu muka koma tarbar gidan. Tirela biyu, ƙaramar mota mai tutoci a gaba, rabin gida yana tafe a titi an rufe cikinsa da leda. An kwana ana ruwa, ta farkon ta kafe a bakin fili, sai da wani maƙwabci ya kawo tarakta. Aka ɗora gidan kan ginshiƙan bulo, aka ɗaure shasin da ɗamarar ƙarfe a turakun da aka murɗa cikin ƙasa. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jijjigawa. Ban ga laifinsa ba, guguwar da ta ratsa Kanton a watan Afrilun 2017 ta kashe mutane.

Ranar a falo muka yi Magariba, da fitilar waya. Lantarki sai bayan sati uku aka jona.