Kifi Biyu, Ruwa Ɗaya: Abin da Kifin Nemo Ke Koya wa Mai Kiwon Tarwada

A ce matashi a Kamarawa, ta ƙasar Isa, ya zuba 'ya'yan tarwada 500 a tankin siminti. Bayan wata biyu ya ƙirga, ya tarar sun ragu ƙwarai, alhali bai ga gawa ko ɗaya ba. Zai zargi ɓarawo, ko tsuntsu, ko wanda ya sayar masa da irin. Sau da yawa mai laifin yana cikin ruwan: wasu tsirarun tarwada da suka riga 'yan'uwansu girma, suka mai da su abinci.

Tambayar da ke gabansa ita ce wane kifi zai iya zama da wane. Masu ajiye kifin ado a tankin gilashi na ruwan gishiri, a Turai da Amurka da Asiya, sun daɗe suna fama da ita, musamman a kan ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin zane wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sanar da duniya. Kifin Nemo yana da nau'i kusan 30, a Tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Mai sha'awa yakan so ya tara nau'i biyu ko uku a tanki guda, domin launinsu ya bambanta. Shawarar masana kuwa kusan ɗaya ce: mace da namiji na nau'i guda sun isa.

Dalilin yana cikin yadda kifin ke rayuwa. Gidansa wata halittar teku ce mai suna animoni, mai kama da fure, mai yatsu masu harbi. Majinar da ke jikin kifin tana kare shi daga harbin, animoni kuma tana kare shi daga manyan kifaye. Wanda ya rasa wannan gida ba ya daɗewa a raye, saboda haka kowa ke tsare nasa da ƙarfi.

A cikin gidan akwai tsari. Mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuma ba sa haihuwa. Idan macen ta mutu, mijin yakan rikiɗe ya zama mace, na bayansa ya hau gurbinsa. A 2003, masanin halittu Peter Buston ya wallafa binciken da ya yi a Madang ta ƙasar Papua New Guinea, inda ya nuna cewa kowane kifi yana taƙaita girmansa ya tsaya ƙasa da na gaba da shi, don kada a kore shi. Zaman lafiyar gidan ya dogara ne ga wannan tazara.

A 2024 kuma, masu bincike a Okinawa ta ƙasar Japan suka gano cewa nau'in ocellaris, mai zane uku, ya fi kai hari ga kifin da ke da zane uku irin nasa, ya fi sassauta wa mai zane ɗaya ko marar zane. Wanda ya fi kama da shi, shi ne zai nemi gidansa. A teku, nau'o'i da yawa suna zaune a yanki guda domin sun raba animoni da wuraren zama a tsakaninsu. A tankin gilashi babu wurin rabo, babu wurin gudu. Nau'in maroon, wanda macensa kan kai santimita 17, yakan takura wa ƙaramin maƙwabci har ya daina cin abinci.

Masuntan ƙasar Gobir sun san wannan doka tun kafin a rubuta ta. Da damina, lokacin da gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi suka cika suka malala fadama kafin su zama Rima, tarwada da karfasa da kurungu da gaiwa kowa na samun kusurwarsa. Da rani ya tsananta, tabki ya janye, sai mai babban baki ya fara cin na kusa da shi. Tankin siminti tabkin rani ne da ba ya ganin damina.

Abin da mai kiwo zai yi a fili yake. Ya riƙa tace 'ya'yan tarwada duk mako ɗaya ko biyu a farkon kiwo, yana ware masu saurin girma zuwa wani tanki, domin tarwada tana haɗiye duk abin da bakinta ya iya ɗauka. Kada ya zuba sabon iri a kan tsoho don ya cike gurbi. Kada kuma ya bari yunwa ta daɗe, don ita ke tada cin juna.

Haɗa nau'i biyu yana yiwuwa idan bukatunsu sun sha bamban. A kududdufin ƙasa mai faɗi, karfasa tana cin gansakuka da ƙananan halittun ruwa, tarwada tana kiwo a ƙasa. Karfasa tana hayayyafa da wuri har ta cika ruwa da ƙananan da ba sa girma, tarwada kuwa tana rage su. Sharaɗin shi ne a fara zuba karfasa ta yi girman da ya wuce bakin tarwada. A ƙaramin tanki mai cunkoso haɗin ba ya ɗorewa, domin tarwada na iya shaƙar iska a saman ruwa, karfasa kuwa takan galabaita idan ruwan ya gurɓace.

Kafin a haɗa kifi biyu, a Okinawa ko a Isa, a duba abu uku: ko abincinsu ɗaya ne, ko bakin ɗaya zai ɗauki ɗayan, ko akwai inda mai rauni zai fake. Kuɗin tanki na biyu bai kai asarar rabin iri ba.